Hijabin Bibata da Tayar Baya

Ku samarin da kuke cika mini benci da la'asar kuna latsa waya, ina jin abin da kuke faɗi in na sunkuya kan aiki. Wai gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo, yini ɗaya ya isa a koya. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da babana ya kawo ni gindin wannan bedin, dogon yaron nan da kuke sha wa inuwa, wurin Malam Arzika, ya ce masa, "Ga shi nan. Lakwal ta ƙi shi, gona ta ƙi shi, ka gwada ko ƙarfe ya so shi." Lakwal ita ce makarantar boko a bakinmu. Sunana Bagudu. Tun daga ranar nan ina bakin hanyar kwalej a Dogon Dutsi, yau fiye da shekara talatin. Tunda kun fi yarda da abin da ke rubuce a kan abin da tsoho ya faɗa da baki, to ga shi a rubuce.

Aikina na fari keken wani mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da lissafi. Na fiddo shambur, wato robar cikin taya, na tsoma a kwanon ruwa, na ga inda kumfa ke tashi, na goge wurin, na shafa kol, wato gam, na liƙa faci, na mayar, na buga iska. Har ina jin kaina. Mushe bai kai kwanar masallaci ba tayar ta kwanta, ya dawo yana turin keke yana duba agogo. Malam Arzika bai ɗaga murya ba. Ya zura yatsa cikin tayar, ya zagaya a hankali, ya zaro ƙayar tsaida ƴar mitsitsiya, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ita ta huda, kuma ka mayar mata da robar ta sake," in ji shi. "Kai ta gida ka nuna wa babanka aikin yau."

Wata uku ban sake taɓa kol ba. Aikina shafa cikin taya da yatsa, na kowa da kowa, har kan yatsana ya yi kanta. Dokarsa ta farko ke nan. Bayan nan ya ba ni doka ta biyu, wadda ya ce ta fi ta farko: keke ba ya barin hannunka sai ka hau shi da kanka, ka je famfon unguwa ka dawo. Ko ƙararrawa kawai ka ɗaure, sai ka hau. Har ya tsufa yana dogara sanda bai bar wannan ba, sai dai a riƙe masa keken ya hau.

Kayan aikin da ya bar mini suna nan cikin akwatin da kuke ɗora ƙafa a kai. Tsofaffin cokula biyu da aka daddaƙe bakinsu, da su nake ɓare taya. Murfin gwangwani da aka hudahuda da ƙusa, da shi nake kankare roba kafin kol ta kama. Kile huɗu, wato sifana, famfo ɗaya, da kwanon ruwa wanda kajin maƙwabta suka ɗauka nasu ne. Duk wanda ya gani sai ya raina. Amma ku ɗauki cokalin nan ku ɓare taya ba ku tsunkule shambur ba, sannan mu yi magana.

Yawancin masu kawo mini aiki ƴan lakwal ne, don haka na san hanyar nan fiye da sirbeyan mai rufe ƙofar kwalej da ƙarfe takwas. Ƙananan firamare da ƙafa suke zuwa, cikin gari suke, in sun makara wasa ne. Ƴan kwalej ke da tafiya. Na ƙauye da an sallame asuba suke fitowa, takalmi a hannu inda yashi ya yi zurfi, kuma har yau masu ƙafa sun fi masu keke nesa ba kusa ba. Wani ya sami amalanken jaki mai kawo itace ya ɗare. Wanda ubansa ke da moto, wato babur, rana ɗaya a kawo shi, kwana huɗu a ce babu esansi, man fetur ke nan. Keke kuwa a nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗaya na tuƙi, ɗaya a kan sanda, ɗaya a baya rungume da jaka uku. In an kawo mini taya ta karkace ba na tambayar abin da ya faru, sai dai in ce, "Ku nawa ne?"

Wani manomi ya taɓa kawo mini ɗansa da keke irin na manya, baƙi, dogo kamar raƙumi. Ya ce da gangan ya sayi babba, don yaron ya girma a kansa. Ko ya miƙe tsaye ƙafarsa ba ta kai feda. Na sassaƙa itace biyu na ɗaure wa fedojin da roba. Duk shekara in an koma lakwal sai ya zo in rage kaurin itacen. Shekarar da na cire gaba ɗaya, murya ta riga ta buɗe masa.

Wani kuma ya zo cikin watan zafi ya ce in buga masa iska sai tayar ta yi kamar dutse. Na ce hanyarku yashi ce, taya mai tauri nutsewa take, kuma za ka jingine shi a rana. Ya ce ai kekensa ne. Na buga. Da azahar, ana tsakiyar jarabawa, shambur ta fashe a filin kwalej da ƙara irin ta bindiga. An ce mushen da ke tsaron aji sai daga bayan tebur aka ji muryarsa yana cewa kowa ya kwantar da hankali.

Muguwar shekararmu ita ce wadda aka rufe iyaka. Kayan keke duk ta Najeriya suke shigo mana, sai aka wayi gari babu shambur, babu kol, babu robar birki. Na koma yanka ɗanyar robar tsofaffin takalma ina jiƙawa a esansi har ta narke, ita ce kol. Faci kan faci. Akwai shambur ɗin da facinta ya fi ainihin robar yawa, yara suna kiranta damisa. In ta ƙi gyaruwa sam, sai mu cusa tsumma a taya, yaro ya hau yana karkarwa kamar mai masassara. Kekunan da ake jerawa gindin itatuwan kwalej suka yi ta raguwa, aka rataye su a zaure. Na kusa suka koma ƙafa. Na nesa kuwa, sai dai ka lura wata fuska ta ɓace daga hanya, babu wanda zai zo ya gaya maka.

A cikin wannan shekarar aka kawo mini keken Bibata. Yarinya ce ƴar ajin ƙarshe a kwalej, saura wata uku ta zauna birbe, jarabawar fita. Ƙauyensu yana bayan duwatsu ta gefen hanyar Ɗan Kassari, tafiyar awa biyu a ƙafa. Shekara uku tana yin ta da ƙawayenta biyu. Da suka daina zuwa, ubanta Malam Isufu, ɗan kasuwar wake, ya samo mata keke na hannu. Mutum ne mai gemu da ɗangalallen wando, mai tsare sunna, kuma yana son ɗiyarsa ta yi karatu. Hijabinta har idon sawu.

Ta iso da safe tana turin keken, gefen hijabin a yage, gwiwar hannu a goge.

"Baba Bagudu, kekenga ya fara cin tufa. Yau da hijabina ya karya kumallo."

Ban ko tsaya tambaya ba. Duk mai gyara ya san sarƙa ce ke kama tufa, don ita ke kama mana ƙafar wando. Na yanko gwangwanin mai, na lanƙwasa, na yi wa sarƙar murfi tun daga feda har baya. Na hau, na je famfo, na dawo. Lafiya lau.

"Je ki," na ce mata. "Ko tabarma kika yafa ba ta shiga."

Kwana shida, sai ga Malam Isufu da keken ɗaure a bayan moto, tayar baya ta lanƙwashe. Bibata ta sauko daga amalanken da ya biyo shi, hannun hagu naɗe da ƙyalle, ga wani jan layi a wuyanta inda hijabin ya shaƙe ta. A gangaren da ke saukowa daga duwatsu ta faɗi.

Muka gaisa har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Sannan ya ce, "Bagudu, kai ka ce ka gyara."

"Ni na ce."

"To ban zo faɗa ba. Ka miƙe tayar. Ranar kasuwa in zo in sayar da shi."

"Lakwal fa, Malam?"

"Ita kaɗai ba ta bin dajin nan da ƙafa. A gari kuma ba ni da wanda zan ajiye ta wurinsa." Ya dubi wuyan yarinyar, ya kau da kai. "Birbe takarda ce. Wuya kuwa ɗaya gare ta."

Na ce ko za ta rage tsawon hijabin, ko ta tattare shi ta ɗaure a ƙugu in za ta hau. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Baba Bagudu, keke aka kawo maka gyara, ba ni ba."

Malam Isufu ya so ya yi dariya, ya haɗiye. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ranar kasuwar, kwana biyar. Ya ce ranar kasuwa da safe yana nan, in bai ga abin da zai kwantar masa da rai ba, keke ya tafi, karatu ya tsaya.

Na tura keken gida don in duba shi a natse. Matata Saude, Allah ya jiƙanta, bara da damina ta rasu, tana zaune tana saƙar ragaya, irin wadda ake rataye ƙwarya da tukunya, don ita ce sana'arta bayan koko. Na ba ta labari. Murfin sarƙa yana nan daram, babu ko zare ɗaya a ciki, kuma na hau da kaina ban ga komai ba. Ba ta ɗago daga saƙarta ba.

"Ka hau shi?"

"Na hau."

"Da mi?"

"Da ƙafafuna mana."

"Da wando ka hau. Ita da wando take hawa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon hijabinta, kore, mai faɗi, ta ɗora mini a kafaɗa.

"Saude, ni da furfurata?"

"Malam Arzika cewa ya yi a hau. Bai ce da wace riga ba."

Washegari da rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya fitowa, na miƙe tayar na tura keken zuwa gangaren. Na duba gabas da yamma, awaki ne kawai. Na zura hijabin. Abu na farko da na koya, mutum ba ya jin abin da ke bayansa sosai a ciki. Na biyu, zafi. Na sako keken. Muddin ana gudu hijabin tashi yake sama kamar tuta, ba ya taɓa komai. Sai da na zo ƙasan gangare, inda yashi ya taru dole ka matse birki, gudun ya ragu, iskar ta sake shi, ya faɗo gaba ɗaya kan tayar baya ta gefen hagu, inda babu sarƙa ko kaɗan. Wayoyin tayar suka cafke shi suka naɗe. Na ji an fizge ni ta wuya. Na tashi da yashi a baki, wani bunsuru yana kallona.

Shekara da shekaru ina rufe wa ƴan mata sarƙa ina cewa na gama. Ashe ɓarnar tana ɗaya gefen.

Da na gaya wa Saude, sai da ta fara duba hijabinta, sannan wuyana. Ta zagaya keken sau biyu.

"Ragaya za a yi mishi," in ji ta.

Na ɗauki ƙusa na huda ramuka a jere a bakin murfin ƙarfen da ke kan tayar baya, dama da hagu. Ita kuma za ta ja zare daga ramukan zuwa gindin tayar ta saƙa raga a tsakani. Muka gwada igiyar kaba, ta tsinke. Muka gwada yankin shambur, yana miƙewa tufa ta kutsa. A ƙarshe ta warware tsohon buhun wake, ta murɗa zarensa uku-uku a cinya. Yamma uku keken na kife a tsakar gida tana ƙulli, ni ina riƙe mata bakin zare ina shan faɗa. In na ja da yawa ta ce zan karkata murfin, in na sassauta ta ce ko barci nake. Ba a gama ba sai da ana kiran magariba, daren kasuwa.

Ban hau ba tukuna, kuma ba na miƙa aikin da ban hau ba. Na ce da an sallame asuba in je gangaren in dawo kafin kowa ya motsa. Mutumin gari ne ni. Na manta ranar kasuwa mutanen ƙauye sun riga zakara tashi.

Na sako keken, kore na kaɗawa a bayana, sai ga amalanke uku sun ɓullo ta bayan dutse cike da mata da kaji da buhuna. Babu inda zan ɓuya. A na farko akwai Inna Tamo, tsohuwar da duk Arewa an san ta a wasan bori. Ta miƙe tsaye a kan buhu ta kare ido da hannu.

"Wanga ba Bagudu mai faci ba ne? Wace doguwa ta hau ka, ɗan nan? Shekara nawa muna kiran ka kana cewa kai na masallaci ne! A nemo mai goge!"

Mata suka ɗauki guɗa. Jaki ɗaya ya ƙi tafiya. Ina ƙoƙarin fitar da kaina daga hijabin na ji ƙarar moto ta tsaya kusa da ni.

"A'uzu billahi," in ji Malam Isufu. Bibata na bayansa, zai kai ta a duba hannun. "Bagudu? Lafiyarka?"

Na ga in na cire yanzu, na sha kunyar a banza. Na mayar da kaina ciki.

"Malam, aiki nake. Tsaya nan inda yashin yake, ka dubi tayar baya, kada ka dube ni."

Na tura keken sama ina haki, na juyo, na sako. A ƙasa na matse birki. Hijabin ya faɗo kamar yadda ya saba, ya kwanta kan ragar, ya zame. Na tsaya da ƙafafuna.

Ya sauka daga moto, ya ɗaga bayan keken, ya juya tayar da ƙarfi, ya kama gefen hijabin da ke jikina yana tura shi cikin ragar da yatsa. Ya yi ta hagu, ya zagayo ya yi ta dama. Ni ina tsaye kamar amarya ana gwada mata ɗinki. Mata sun miƙo wuya suna kallo, har Inna Tamo.

"Sake," in ji shi. "Da gudu. Ita ba ta tafiya irin ta tsofaffi."

Na sake hawa. Wannan karon ban taɓa birki ba sai da na ga yashin a gabana, na damƙe duka biyu. Keken ya ja gefe, hijabin ya zubo duka a kan tayar. Ya zame.

Bibata ta cusa baki cikin hijabinta, kafaɗunta na rawa. "Baba Bagudu, wallahi kore ya karɓe ka."

"Ke, yi mana shiru," in ji ubanta. Ya tsuguna ya daɗe yana bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. "Wa ya saƙa?"

"Mai ɗakina."

"Allah ya yi mata albarka." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Cire abin nan don Allah, kafin wani daga masallacinmu ya gan ni tsaye da kai." Ya tayar da moto, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba. "In hannun ya saki, Litinin ta hau."

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Shekara guda ana kirana Hajiya Bagudu, har yau akwai masu amalanken da ba su san ni da wani suna ba. Ƴan mata suka fara kawo kekuna a yi musu raga, Saude ta ajiye ragayar ƙwarya ta koma ta taya. Yanzu ni nake saƙawa. Abin da take gamawa a yamma uku yana ɗaukata mako, kuma ƙullina bai kai nata ba. Bibata ta zauna birbe a shekarar.

Litinin ɗin nan Saude ta kawo mini koko rumfa da kanta, abin da ba ta saba ba, ta ce wai hanya ce ta biyo da ita. Ta zauna a bencin nan. Masu ƙafa suka yi ta wucewa, takalmi a hannu. Saura kaɗan a rufe ƙofa sai ga Bibata ta ɓullo, hijabi na tashi a bayanta. Ta rage gudu a kwanar masallaci, ya faɗo kan ragar, ya zame. Ta buga mana ƙararrawa sau biyu, ba ta tsaya ba.

Saude ta bi ta da kallo har ta shige kwalej. Ta ɗauki kwanonta ta miƙe.

"Ƙulli na uku ta hagu ya yi sako-sako," in ji ta. "In ta taso ka tare ta."